Kafin ka zuba sabon gas a esin (AC) tsohuwar mota

Jama'a, duk mai Marsandi 190, Fijo 505 ko wata motar da aka ƙera kafin 1993, a kula.

Kada ka yarda mai gyara ya ɗura maka sabon gas ɗin esi, wato R134a, kai tsaye. A fara canja man kwamfuresa (injin da ke tura gas ɗin) da kuma draya (matatar da ke tsotse danshi) tukuna.

Ga dalili. Waɗannan motocin da R12 suka zo, gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi. Shi R12 da man mineral yake tafiya, R134a kuwa ba ya haɗuwa da wannan man. Gas zai yi ta zagayawa, mai ya kwanta wuri guda, kwamfuresa ta bushe ta ƙone. Kuɗinta ya ninka na man sau da yawa.

Ka ce a zuba man ester, shi ke jure ragowar tsohon man. A sa koren robobi a mahaɗar bututu, a zuƙe iskar cikin bututun da injin zuƙar iska kamar minti 30. Mai gaggawa zai ce ba sai an yi ba, kada ka saurare shi.

Sannan kada a cika. Kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na awon R12 ya isa, don sabon gas ya fi matsi.

Amma fa in bututu na yoyo, asarar kuɗi ce, gyara shi tukuna. Kuma a cunkoso da zafin Afrilu sanyin zai ragu, don tsohuwar kondensa (mai fitar da zafin gas a gaban mota) ba ta iya wa sabon gas sosai. Ƙarin fanka a gabanta yana taimakawa.