Yadda ake adana wake a jarka da gorar ruwa ba tare da magani ba

Duk shekara idan kaka ta yi, sai in ga mata sun sayi wake tiya goma ko ashirin saboda arha, a zuba a buhu a jingine a lungun ɗaki. Kafin zafi ya kankama an buɗe an tarar ƙwari sun huda shi, ƙasan buhun duk gari. Wasu don gudun haka sai su yayyafa fiya-fiya, ko su jefa ƙwayar nan da ake kira bom, a ɗakin da yara suke kwana. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Maganin da ke cikin fiya-fiya, wato dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi karɓa a bakin iyakarsu, mu muna dafa wa 'ya'yanmu alale da shi. Alhali ga jarkar man gyaɗa da ta ƙare, ga gorunan ruwa da aka sha ranar suna, suna nan zube a tsakar gida ana jiran mai gwangwan.

Ƙwaron wake numfashi yake yi kamar kowace halitta. Tun a gona uwar take saka ƙwai a jikin waken, shi ya sa ko kin saya fes babu huda ko ɗaya, da ƙwansa kika shigo gida. Idan kika rufe waken a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su mutu, su da tsutsarsu. A kan wannan hikimar aka yi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samo tushensa tare da abokan aikinsu a Marwa ta ƙasar Kamaru, aka kuma fara baza shi a ƙasashenmu a 2007. Buhu ne mai kyau, amma na mai amfanin gona da yawa ne. Ke da kike da tiya takwas, jarka ta ishe ki, kuma ba ki kashe ko sisi ba.

A zaɓen roba ba ni da sassauci. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir, baƙin mai ko maganin feshin gona ta fita daga sahun abinci har abada, ko sau nawa aka wanke ta, domin roba tana shan abin da aka zuba mata. Bokitin fenti ma a bar shi wa wanki da shara. Wadda nake so ita ce jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa, ta lita 25, sai gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi irin ta Swan ko Faro. Ki juya gindin robar, sau da yawa za ki ga lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, jarka yawanci lamba 2, robar bota da farar robar abinci mai murfi galibi lamba 5. Lamba 1 ba ta son zafi ko kaɗan, ki riƙe wannan. Jarkar manja tana yi, sai dai wankinta zai cinye miki yini guda. Idan kuma saye za ki yi a kasuwa, ki buɗe ki shinshina da kanki, kada ki yarda da "wallahi Hajiya man gyaɗa ne a ciki". Gorar da ba ki san daga inda aka tsinto ta ba, ni ba na kai ta kicin.

Murfi ya fi jarkar kanta muhimmanci. Ki ɗaura shi tam, ki kwantar da jarkar a ƙasa, ki danna ta da gwiwa, ki kasa kunne. Idan kika ji iska tana fita "fiii", ko daga murfin ko daga wata tsaga a jiki, wannan ta ɗiban ruwa ce, ba ta ajiya ba.

Wankin ba wuya. Ki kifa jarkar ta kwana sauran man ya tsiyaye. Ki zuba toka cikin hannu biyu, da garin sabulu kaɗan, da 'yan tsakuwa, da ruwa mai ɗumi, ki rufe ki yi ta girgizawa. Tsakuwar ce sosonki a inda hannu ba ya kaiwa. Ki zubar, ki maimaita har sai kin zura yatsa kin ji babu santsi. Idan wari ya ƙi fita, ki jiƙa 'yar kanwa a ciki ta kwana. Gorar ruwa kuwa da ruwan sanyi kawai ake wanke ta, tafasasshen ruwa zai sa ta motse a hannunki nan take.

Yanzu ga wurin da na fi so ki tsaya ki karanta da kyau, domin a nan na yi asara, kuma a nan na ga maƙwabta biyu sun yi irinta.

Shekarar da na fara, na wanke jarka da safe, na kifa ta a rana, da la'asar na leƙa na ga kamar ta bushe, na ɗura waken da maigida ya sayo daga Dawanau. Bayan wata huɗu na buɗe. Na sama lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu, har na fara murna. Da na juye a tabarma sai wani wari mai tsami ya taso, kusan kashi ɗaya cikin uku ya dunƙule ya yi baƙi, fumfuna ta lulluɓe shi kamar auduga. Sai da na yanka jarkar da wuƙa na gane abin da ya faru. Hannun jarka, wurin da ake riƙewa, rami ne a ciki. Idan kika kifa ta, ruwa yana taruwa a cikin hannun da kafaɗarta, domin bakin yana gefe guda ne, ba a tsakiya ba. Kin leƙa kin ga bushe, amma akwai ruwa kamar cokali biyu ko uku a ɓoye. Da kika miƙar da ita sai ya gangara ƙasa, kika zuba wake a kai, kika rufe. Rufin da ke hana iska shiga shi ne kuma yake hana danshi fita.

Tun daga lokacin kwana uku nake ba jarka, ba na ragewa. Ranar farko a kife, amma a karkace ta yadda bakin ne mafi ƙasa, in tokare ta da dutse. Ranar biyu a tsaye, baki a buɗe yana kallon sama, in rufa mata ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura. Ranar uku in ɗaura tsumma mai tsabta a kan sanda in zura, in bi kusurwoyi da shi, in fito da shi in taɓa a kumatuna, domin kumatu sun fi hannu jin sanyin danshi. Daga nan sai gwajin ƙarshe: in rufe jarkar babu komai a ciki, in ajiye ta a rana kamar minti 30, in buɗe in shafa cikin murfin. Idan ya yi gumi, da saura. A gorar ruwa abin ya fi sauƙi tunda ana ganin ciki, za ki ga hazo ya kwanta a jikinta. Murfin ma a shanya shi daban, ruwa yana maƙalewa a zarensa. Lokacin hunturu iska ce take yi miki rabin aikin, amma da damina ki ƙara kwana biyu.

Shi ma waken sai ya bushe ƙayau. Kada ki ɗauka tunda daga kasuwa yake ya gama bushewa, sabon wake na farkon kaka yakan zo da sauran ruwa a jikinsa. Ki tsince, ki sheƙe, ki baza a tabarma kwana biyu ko uku. Ki ciji ƙwaya ɗaya. Idan ta fashe "ƙas" ta yi, idan haƙori ya lotsa ta ba ta yi ba. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne gwajin gishiri. Ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba wake cikin hannu guda da busasshen gishiri cokali biyu, ki rufe ki girgiza minti ɗaya, ki ajiye shi minti goma sha biyar. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Idan ya zube ƙasa warwar, an gama. Mai son ƙarin kariya sai ta baza waken siriri a kan baƙar leda, ta lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, ta bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwai da tsutsa. Wanda za a yi iri da shi ni ba na yi masa haka. Kowanne kika yi, ki kwashe ki bar shi a inuwa ya huce sarai. Wake mai zafi idan aka rufe shi gumi yake yi, kin koma gidan jiya.

Mazurari kada ki saya. Ki yanke saman babbar gorar lemo, ki kifa bakin a cikin na jarkar. Ki zuba, idan ya kai rabi ki ɗaga jarkar ki buga gindinta a ƙasa sau biyar ya zauna, ki ci gaba. Sai ya cika maƙil har wuya. Wannan ba na wasa da shi, jarka rabi iska ce rabi, kuma ƙwari za su yi ɓarna mai yawa kafin su shanye ta. Idan wakenki bai kai ba, ki koma galan mai lita 4 ko 5, ko goruna. Jarkar lita 25 tana cin kilo 18 zuwa 20, wato tiya bakwai ko takwas gwargwadon tiyar garinku. Ki ninka leda mai kauri biyu, ki ɗora a bakin, ki ɗaura murfin a kanta da ƙarfi. Wasu suna ƙara naɗe shi da robar tib ɗin keke, hakan ma ya yi. Ki rubuta kwanan wata a jiki.

Sannan ki manta da ita. Wata biyu aƙalla, kada a buɗe ko don leƙawa. Duk buɗewa ɗaya sabuwar iska ce kika ba wa wanda ya kusa mutuwa. Shi ya sa nake raba nawa gida biyu: jarkoki na bazara da damina, lokacin da wake yake tsada, goruna shida ko bakwai kuma na girkin yau da gobe. Gora ɗaya ta yi mana shinkafa da wake sau biyu ko uku, ta ƙare kafin wani ƙwaro ya samu dama. A ɗora su a kan katako cikin inuwa, nesa da bango. Rana tana sa roba ta yi gautsi, ɓera kuma yana iya huda jarka idan ya samu lungun da zai zauna ya yi ta gwaguya, don haka a riƙa zagayawa ana dubawa. Masara, dawa, gero, gujiya da alkama duk haka ake yi musu. Gyaɗa kuwa na fi barinta da ɓawonta a buhu.

Sauran robobin kada a zubar. Robar bota ta ɗauki kuka, kuɓewa busasshiya, garin yaji da daddawa, kowanne da tasa, domin wadda ta taɓa ɗaukar daddawa ta zama ta daddawa. Zoɓo da kunun aya sai sun huce gaba ɗaya kafin su shiga gora, kuma a bar sarari kamar yatsa biyu idan firiza za a kai, ruwa yana kumbura idan ya daskare. Kunun aya ba ya kwana a waje, idan kika ga gorar ta yi tauri ta kumbura, ki zubar. Gorar da cikinta ya kakkarce ko ta yi duhu ta gama aikin kicin. Ki huda mata ƙananan ramuka biyu ko uku a murfi da allura mai zafi, ki yanke gindin, ki binne ta a kife kusa da saiwar tumatir ko zogale, ki riƙa cika ta da ruwa da yamma, za ta yi ta ɗiga a hankali. Jarkar da ta faɗi gwajin gwiwa a yanka ta biyu, a huda ƙasa, a shuka na'ana'a ko albasa mai lawashi. Waɗanda ba ki da aikinsu ki tara a buhu a kife kafin mai gwangwan ya zo, musamman da damina, domin ruwan da zai kwanta a murfin gora ɗaya ya ishi sauro yin ƙwai.