Kurakuran masu mayar da kwamfutar wasa kan Linux

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu kwamfutar wasa da dama suka karkata zuwa Linux, tsarin da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, kuma kurakurai iri ɗaya suke ta maimaitawa, har na gaji da amsa tambaya guda: me ya sa wasana ya ƙi tashi a Linux?

Mafi tsada a cikinsu shi ne goge Windows tun kafin a bincika ko wasannin da aka saba bugawa za su tashi. Gaskiya ne Proton, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018, ya sa dubban wasannin Windows suna aiki a Linux ta cikin Steam, manhajar saye da buga wasanni ta Valve, kuma a kansa Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin, ya dogara. Sai dai wasannin gasa masu manhajar hana maguɗi labarinsu daban ne. Valorant ba ya tashi, haka ma Fortnite, Apex Legends kuwa da yana aiki, sai masu shi suka rufe ƙofar a ƙarshen 2024. Babu wani umarni da za ka kwafo daga intanet ya warware wannan, domin hukunci ne na masu wasan. Ka rubuta sunayen wasanninka, ka duba kowanne a ProtonDB, shafin da ke nuna wasannin Steam da ke aiki a Linux, idan wanda kuke haɗuwa a kai da abokai kowane dare ba ya aiki, to ka bar wa Windows wurinsa a kwamfutar.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa ƙona ni, shi ya sa nake zafi a kansa. Saboda tsadar data, mutum yakan nuna wa Steam tsohon faifan da wasanninsa suke, alhali faifan yana kan tsarin NTFS na Windows. Ka danna maɓallin fara wasa, ya yi kamar zai buɗe, ya koma kore shiru, ba tare da wani bayani ba. Proton yana ƙirƙirar fayiloli masu sunayen da Windows ba ya yarda da su, sannan idan Fast Startup, wato tsarin da ke sa Windows ya tashi da sauri, yana kunne, Windows yakan bar faifan a kulle ta yadda Linux zai iya karantawa amma ba zai iya rubutu ba. Ni da haushi ya kama ni sai na share faifan gaba ɗaya, tare da ajiyar ci gaban da na yi watanni ina tarawa, domin ba kowane wasa ne yake adana ta a Steam Cloud, ma'ajiyar Steam ta intanet, ba. Wannan ganganci ne, kuma har yau ina ganin masu yin sa suna ɗora wa Linux laifi. Yanzu nakan kwafe Documents da AppData, inda wasanni da yawa ke ajiye ci gaba, zuwa wani faifai na waje, in kwashe babban fayil ɗin steamapps, inda Steam ke ajiye wasanni, zuwa ɓangaren faifan da aka tsara da ext4 na Linux, in bar Steam ya tantance su. Abin da zai sake saukewa kaɗan ne. Lokacin girka Linux kuwa, faifan Windows nake zarewa daga cikin kwamfutar da hannuna. Wasu na ganin wuce gona da iri ne, amma faifan da ke ajiye kan tebur ba ya gogewa bisa kuskure.

Sauran ƙanana ne. Mai katin hoto na Nvidia ya girka direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, daga ma'ajiyar tsarin da ya zaɓa, mai AMD kuwa nasa ya riga ya zo a ciki. Kali Linux na masu gwajin tsaro ne, nau'in Linux irin su Mint ko Bazzite sun ishe mai wasa. A adana mabuɗin BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai, kafin a taɓa Secure Boot, saitin tsaro na lokacin kunna kwamfuta. Idan agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya bayan an fito daga Linux, batirin kwamfutar lafiyarsa ƙalau: Linux yana ajiye lokaci bisa UTC, wato agogon duniya, Windows kuma ya ɗauke shi a matsayin lokacin gida, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da shi da awa guda, kuma ana daidaita hakan da umarnin timedatectl.