Babi na 6: Jakar Cefane da Ƙusar Bakin Ƙofa

Darasi na 1

Iyayena da ƴan uwana, sannunku da ƙoƙari. Ku ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko, mu karanta tare, kada a yi gaggawa: le-da, ja-ka, ƙu-sa. Ku duba harafin farko na ƙusa, yana da ƙugiya a ka. In kun manta ƙugiyar, kun rubuta kusa, abin da ba shi da nisa ke nan. Jakar da nake nufi kuwa ta zuba cefane ce. Bara wani dattijo ya zaci jakar kuɗi ta sefa 1000 zan raba.

A shiga Kasuwar Dole a gani: tumatir leda, tattasai leda, gishirin dala biyar ma leda. Mu lissafa. Leda 5 a rana, kwana 7, ya zama 35. Gida ɗaya ke nan fa. Wasu iska ta maƙala su a ƙaya, wasu su toshe magudana, damina ta zo ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Wasu akuya ta haɗiye don ƙanshin abinci. Leda ba ta narkewa a ciki, sai dabba ta yi ta ramewa. Ku tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbi. Tun 2014 aka kafa dokar hana irin wannan leda a Nijar, amma ga ta nan ko'ina.

Darasi na 2

Maganin leda shi ne ku riƙa zuwa kasuwa da jakarku. Ba sai kun sayi sabuwar jaka ba. A kai wa tela buhun shinkafa ya sa masa hannu biyu, ko a ɗauki kwando. A kafa ƙusa a bango, dab da ƙofar fita, a rataye jakar.

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne ake faɗuwa. Kin dawo kasuwa, kin juye cefane. Kafin ki sha ruwa, mayar da jaka kan ƙusa. Malam, kai ma haka: ka miƙa cefane, ka karɓi jakar, ka mayar kan ƙusa. Ku rubuta sau 3: Na juye, na mayar. An manta? Ba komai, ni ma na sha mantawa. Gobe a sake. A juye, a mayar.

Amma gaskiya abin ya fara isata. Makon jiya na tambaya, wannan ta ce yara sun zuba gawayi a tata, wancan ya ce tasa tana ƙarƙashin gado. Haba Inna! Haba Baba! Jakar ƙarƙashin gado za ta bi ku kasuwa da ƙafarta? Ƙusa ɗaya ce fa na roƙa. In an juye, a mayar, tun kafin a zauna.

Darasi na 3

Yi magana kafin mai kaya ya kai hannu ga leda: “Bar ledar, Malam, ga jakata.” Nama, mai da koko mai zafi, a tafi da kwano mai murfi.

Darasi na 4

A wanke jaka, a shanya. In ta bushe, a mayar kan ƙusa.