Yadda Ake Gane Manhajar VPN Ta Bogi Mai Satar Bayanai, Da Yadda Ake Raba Waya Da Ita

Hausawa da yawa mazauna Makka, Jidda da Madina, haka nan alhazai da masu umara, ba don wani sirri suke sanya VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗin waya ta wata hanya domin tsallake takunkumi, a waya ba, sai don su ji muryar iyalansu a gida. A shekarar 2017 Saudiyya ta ɗage takunkumi a kan wasu manhajojin kira irin su FaceTime da Skype, amma kiran WhatsApp ya daɗe ba ya tafiya, shi kuwa a nan dangin Kano da Maraɗi suke. Sai wani ya turo fayil a zauren WhatsApp na 'yan gari, ya ce wannan kyauta ce kuma tana da gudu, kowa ya sauke. Hatsarin yana nan ne, domin aikin VPN shi ne duk abin da wayar ke aikawa ya bi ta hannunta, don haka ɓarawon bayanai ba shi da rigar da ta fi wannan dacewa da shi.

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana yadda wata ƙungiyar leƙen asiri mai suna Bahamut ta ɗauki manhajojin VPN na gaskiya, ta cusa musu mugun shiri, ta raba su ta wani shafin bogi mai suna SecureVPN. Manhajar tana kwashe lambobin waya, saƙonnin tes, wurin da mutum yake, har da hirarsa ta WhatsApp, Telegram da Signal. A watan Mayun 2024 kuma hukumomin Amurka suka rusa wata hanyar sadarwa ta ɓarayi da ake kira 911 S5, wadda ta shafi adireshin intanet fiye da miliyan 19 ta hanyar VPN na kyauta a kwamfuta, irin su MaskVPN, DewVPN da PaladinVPN. Abin lura shi ne irin waɗannan manhajoji galibi suna yin aikin VPN ɗin da gaske. Saboda haka cewar da ake yi ai tana aiki, kira yana shiga, ba hujjar komai ba ce.

Alama ta farko ita ce inda manhajar ta fito. Fayil mai ƙarewa da apk wanda aka turo ta WhatsApp ko Telegram, ko wanda mai shagon waya ya zuba daga kwamfutarsa, ya cancanci zargi tun kafin a buɗe shi. Alama ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, ita ce izinin da take nema. VPN ta gaskiya izini guda take bukata, wato na kafa haɗin, wanda bayansa ɗan hoton makulli ke bayyana a saman allo. Ba ruwanta da saƙonnin tes, ko jerin lambobi, ko tarihin kira, ko makirufo. Mafi muni shi ne idan ta nemi a kunna mata sashen da aka tanada domin masu larurar gani da ji, wanda a saitin waya aka rubuta masa Accessibility, domin wannan izini yana ba manhaja damar karanta duk abin da ke kan allo, har ta danna maɓalli da kanta. Ta wannan ƙofar Bahamut ta karanta hirar mutane. A Saudiyya kuwa, inda lambar tabbatarwa ta Absher, wato dandalin hidimomin gwamnati, da ta banki ke zuwa ta tes, wanda ke karanta saƙonnin mutum ya kusa riƙe ikamarsa, wato takardar izinin zamansa, da asusunsa a lokaci guda.

Zafin waya da saurin ƙarewar caji ko data ana yawan ambatonsu, amma ni ban ɗauke su shaida mai ƙarfi ba, tunda tsohon batir ma yana yin haka. Ya fi amfani a buɗe Play Store a sa Play Protect ya binciki wayar, ko a ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, wanda ke gwada shi da injinan bincike masu yawa.

Idan zargi ya tabbata, abin da aka fara yi ya fi komai muhimmanci, kuma a nan mutane ke kuskure, domin sukan yi gaggawar sauya kalmar sirri a kan wayar da ke ɗauke da cutar, wato su miƙa wa ɓarawo sabon makulli da hannunsu. A fara da sanya wayar a yanayin jirgin sama, a kashe Wi-Fi. Daga nan a ari wata waya ko kwamfuta mai tsabta, a kira banki ta lambar da ke bayan kati a nemi dakatar da katin da shiga asusu ta intanet. Sai a sauya kalmar sirrin imel kafin sauran, saboda ta imel ake dawo da kusan kowane asusu, sannan ta Absher, sannan ta shafukan sada zumunta. A kowane asusu a zaɓi fita daga dukkan na'urori, domin shirye-shiryen sata irin su RedLine da Lumma suna kwashe har da alamar shiga da burauza ke ajiyewa, wadda da ita ɓarawo zai iya ci gaba da zama cikin asusu ba tare da kalmar sirri ba.

Bayan haka ne ake komawa kan cirewa. A wayar Android a shiga saiti a janye wa manhajar izinin Accessibility da na karanta sanarwa, sannan a duba jerin manhajojin da ke da ikon gudanar da na'ura, domin muddin tana cikinsu maɓallin cirewa ba zai amsa ba. Idan tana rufe saitin duk lokacin da aka buɗe, a tayar da wayar a yanayin kariya, wato Safe Mode, wanda a wayoyi da yawa ake samu ta danna alamar kashewa a kan allo a riƙe, domin a wannan yanayin manhajojin da aka sauke ba sa tashi. A cire ta, a bi cikakken jerin manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana neman wadda ba ta da suna ko hoto, a goge duk haɗin VPN da takardar shaidar tsaro da ba a san wanda ya sanya su ba. A iPhone kuwa a duba sashen VPN da gudanar da na'ura, a cire duk bayanin saiti baƙo. Wayar da ke ɗauke da manhajar banki, a ganina, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani shi ne abin da hankali zai kwanta da shi, bayan an kwashe hotuna da takardu kawai, ba manhajoji ba.

A kwamfuta mai Windows a buɗe Task Manager a nemi sunaye irin su mask_svc.exe, dew_svc.exe ko pldsvc.exe, waɗanda hukumar FBI ta lissafa a batun 911 S5, a tsayar da su, a cire manhajar, sannan a gudanar da binciken Microsoft Defender wanda ake yi kafin Windows ta gama tashi. A leƙa ƙarin kayan da aka liƙa wa burauza, tunda VPN ta bogi takan zo a wannan siffar ma.

Bayanan da aka riga aka kwashe ba sa dawowa don an goge manhaja, shi ya sa sa ido ke ci gaba na makonni. A duba hidimar Arqami ta hukumar sadarwa CST domin ganin ko an yi rajistar wani layi da lambar ikamar mutum, kuma kada a taɓa amincewa da wata bukata a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, wadda ba mutum ne ya fara ta da kansa ba, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. A WhatsApp a cire na'urorin da aka haɗa waɗanda ba a gane ba, a kunna lambar sirri ta mataki na biyu. Saƙon damfara ana tura shi zuwa 330330, idan kuwa an taɓa kuɗi sai a shigar da ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kollona Amn tare da hotunan shaida. A sanar da dangi a gida ta kiran murya cewa duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunan mutum su tabbatar kafin su tura, a kuma koma zauren da fayil ɗin ya fito a gaya wa sauran waɗanda suka sauke shi.