Kafin ku ajiye adireshin imel

Ƴan uwa masu rubuta shafukan intanet a nan Damagaram, ku daina wahalar rubuta dogon regex (jerin alamomin da ke duba siffar rubutu) don tantance imel.

In da PHP kuke aiki, ku fara da trim(), mai cire filin da ke farko da ƙarshen rubutu, sannan filter_var tare da FILTER_VALIDATE_EMAIL. A kan server (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) za a yi wannan, domin binciken burauza kowa na iya tsallake shi.

Kada ku raina trim ɗin nan. Yawancin mutanenmu da salula suke cike fom, kuma allon rubutun salula yakan ƙara fili a ƙarshen kalma. Adireshi lafiya lau, sai shafi ya ƙi shi, ɗalibi ya kasa yin rajista bai san dalili ba.

Amma fa siffa kawai filter_var ke dubawa. Wanda ya rubuta gmial.com a madadin gmail.com zai wuce sumul. Umarnin checkdnsrr na PHP na nuna ko yankin (sashen da ke bayan @) yana da rikodin MX, wato bayanin inda ake kai masa imel, amma ba ya tabbatar da akwatin mutum.

Don haka ku aika saƙon tabbatarwa. Ku ba mahaɗin da ke cikin saƙon awa 24 aƙalla kafin ya daina aiki, saboda rezo yakan ɗauke, ba kowa ke buɗe imel nan take ba.