Kurakuran da masu ziyartar fadar Himeji suka fi yi

Da ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Himeji, a lardin Hyogo na ƙasar Japan, idonka zai faɗa kan wani gini fari fat a bisa tudu, can ƙarshen titin Otemae, tafiyar kusan kilomita ɗaya. Wannan ginin shi ne fadar Himeji. Mutanen Japan suna ce masa Shirasagi, wato balbela, saboda farinsa da yadda rufinsa ya baje kamar fukafukai. Abin da ke damuna shi ne yawan masu zuwa wurin su koma ba su gan shi da kyau ba.

Tun daga gida ake fara kuskure. Wasu suna ɗauka duk fadojin Japan tsofaffi ne, sai su tsaya a ta Osaka su ce sun gama. Hasumiyar Osaka da kankare aka sake gina ta a 1931, har lif gare ta. A duk faɗin ƙasar, hasumiyoyi 12 kacal suka rage na asali, kuma ta Himeji ce babbarsu. In rana ɗaya gare ka, shiga Shinkansen, jirgin ƙasa mai gudun gaske, daga tashar Shin-Osaka a birnin Osaka. Cikin kusan rabin awa ka iso.

Ana kuma cakuɗa shekarun. Gaskiya ne jagoran yaƙi Akamatsu Norimura ya kafa sansani a tudun a 1333, wani jagoran yaƙin kuma, Toyotomi Hideyoshi, ya ɗora hasumiya mai hawa uku a 1581. Amma ginin da ke gabanka aikin Ikeda Terumasa ne, surukin shugaban Japan na lokacin, Tokugawa Ieyasu. Ikeda ya yi shi tsakanin 1601 da 1609, bayan yaƙin Sekigahara da ya ba Ieyasu mulkin ƙasar.

Babban kuskuren shi ne shiga da tsammanin ganin gadon sarauta da kayan alatu. Ɗakunan babu kowa babu komai, sai katako da duhu-duhu, har wani ya fito yana cewa an ci kuɗinsa. Ai ba a nan mai mulkin yake kwana ba. Gidansa yana ƙasa. Wannan hasumiya don yaƙi aka yi ta, kuma da wannan idon ya kamata ka kalle ta. Dubi ramukan bango, wani zagaye, wani mai kusurwa uku, wani huɗu, inda ake harba bindiga da kibiya. Dubi kafofin da ake sako duwatsu kan mai hawa bango, da maratayan makamai jere a jikin katako. Tsaya gaban ginshiƙai biyun da suka ɗauki ginin, kowanne ya haura mita 24, ka ɗaga kai. Daga waje hawa biyar ake gani, a ciki kuwa shida ne, ga kuma na ƙarƙashin ƙasa. Ko hanyar da ta yi ta juya ka daga ƙofa zuwa ƙofa, da gangan aka murɗe ta don abokin gaba ya rikice. Ikon Allah, ba a taɓa gwabza yaƙi a kan hasumiyar ba. A 1945 bama-bamai sun ƙone garin, ɗaya ya faɗa hawan ƙarshe bai tashi ba.

Sai maganar ƙafa. Dole ka cire takalmi ka riƙe shi a leda, matakalar kuwa ta miƙe kamar tsani, ga santsi, babu lif. Sa safa mai kauri in lokacin sanyi ne, kuma kada ka sa doguwar rigar da za ta harɗe ka. Dattijo mai ciwon gwiwa gara ya more farfajiyar.

Kada ka bari sai la'asar, domin yawanci ƙarfe 4 ake daina shiga. Farkon Afrilu, lokacin furen sakura, wato bishiyar ceri ta Japan, layi yakan yi tsawo ƙwarai, sai ka yi sammako. Ranakun 29 da 30 ga Disamba fadar a rufe take.

Mafi yawa da sun sauko sai su nufi ƙofa, su bar Nishi-no-maru, sashen yamma da aka ƙara wajajen 1618, inda Gimbiya Sen, jikar Ieyasu, ta zauna. Bi dogon barandarsa na katako har ɗakinta, sannan ka fito farfajiyar ka waiwaya gabas. Daga nan ake ganin babbar hasumiya da ƙananan da ke jikinta gaba ɗaya.