Darasi na Bakwai: Aguaje, Itacen Fadama Mai Ciyar da Mutane

A ƙasashen Amurka ta Kudu, musamman a yankin kogin Amazon da na Orinoko, akwai wata bishiya dangin dabino da kwakwa wadda ta fi son wurin da ruwa yake kwanciya kusan duk shekara. Mutanen Peru suna kiran ta aguaje, na Brazil suna ce mata buriti, a Benezuwela kuma moriche. Tsawonta yana kaiwa mita 35. Tana iya zama cikin taɓo ba ta ruɓe ba saboda tana fitar da wasu ƙananan saiwoyi sama da ruwa, waɗanda take shaƙar iska da su.

Abu na farko da ya kamata ku riƙe shi ne, bishiyar tana da mace tana da namiji, kuma macen kaɗai ce take 'ya'ya. Tana ɗaukar shekaru bakwai zuwa takwas kafin ta fara haihuwa, daga nan sai ta dinga ba da 'ya'ya shekaru masu yawa, gungu-gungu, ɗaruruwa a kowane gungu.

Ɗan aguaje bai cika tafin hannu ba, launinsa ja ne mai duhu, ɓawonsa kuma ƙanana-ƙanana ne a jere kamar na kifi. Ƙarƙashin ɓawon akwai tsoka ruwan ɗorawa, ba ta da kauri sosai, ta lulluɓe ƙwallo ɗaya babba. Wannan 'yar tsokar ita ce abincin. Tana da maiƙo, tana kuma ɗauke da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi, musamman ga yara da mata masu juna biyu.

Ba a cin sa da zarar an sauko da shi, domin a lokacin yana da tauri. Ana ajiye shi a inuwa, a rufe, na 'yan kwanaki, har launinsa ya ƙara duhu. Bayan haka sai a wanke shi sosai, tun da daga taɓo ya fito, a zuba shi cikin ruwan ɗumi na wasu sa'o'i. A kula kada ruwan ya zama tafasasshe, domin zafi mai yawa yana ɓata shi. Idan aka sa farce ɓawon ya fita cikin sauƙi, to ya nuna. Sai a kankare ɓawon, a ci tsokar haka nan ko a barbaɗa mata gishiri kaɗan, kamar yadda ake sayar da shi a titunan birnin Ikitos na Peru. Wanda yake son abin sha zai murje tsokar cikin ruwa mai tsabta, ya tace, ya sa sukari. Wannan shi ne aguajina. Ana kuma daskarar da shi ya zama ƙanƙarar sha, a Brazil kuwa ana dafa tsokar da sukari har ta yi kauri, a yanka ta a ajiye. Tsokar da aka riga aka kankare ba ta jimre wa zafi, don haka a yi amfani da ita a ranar ko a sa ta cikin firji.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun masu wannan sana'a. Saboda tsawon bishiyar, mutane da yawa sun saba sare ta domin su kwashi 'ya'yan sau ɗaya. Tun da mace ake sarewa kullum, dazuzzukan da suke kusa da garuruwa sun koma kusan maza zalla, masu neman 'ya'yan kuma sai sun yi tafiya mai nisa a kwalekwale. A ganina wannan babbar asara ce, domin an sayar da abincin shekaru masu yawa a kan kuɗin kwana ɗaya, an kuma hana aku da aladen daji abin da suke ci. Shi ya sa wasu ƙauyuka na gandun dajin Pacaya-Samiria a Peru suka koyi hawa da igiya da ɗamarar tsaro. Mai hawa yana yanko gungun da ya ƙosa, ya sauko da shi, ya bar sauran domin namun daji da kuma irin da zai tsiro nan gaba.